'Yar Gata Ta Hau Dutse

A Birchi, in aka ce kyanwa, to gidan Inno ake nufi. Tun tana amarya take kiwonsu, har mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse Kurfi da Katsina, ya rage daga ita sai wata fara tas da ta raɗa wa suna 'Yar Gata. Duk wanda ɓera ya addaba a rumbu, wurinta yake zuwa roƙon 'yar kyanwa, ita kuwa sai ta tsare shi da tambayoyi kamar mai ba da aure. 'Yar Gata nono take sha a ƙwarya, kullum a goge ta da tsumma. Ko zaure ba ta taɓa leƙawa ba.

Katanga ce ta raba Inno da Turai, wadda ba sa ga-maciji tun suna 'yan mata. Turai na da wani muzuru ramamme mai yagaggen kunne, wanda ke wuni a gindin dutsen da ake fasa tsakuwa.

Ana nan sai ga Nana Hadiza, wata ɗaliba daga jami'a a Dutsin-Ma, da almakashi da 'yan ledoji. Ta ce wasu duwatsu na ɗauke da sinadarai masu fitar da wani tururi da ido ba ya gani, tana so ta auna ko suna taruwa a gashin kyanwoyi. Inno ta share tsakar gida, ta ɗaura wa 'Yar Gata jan zare a wuya. Ɗalibar ta yaba kyanta, sannan ta tambaya ko tana fita.

"Fita? Mussata ba ta san hanyar ƙofa ba, ɗiyata."

"Ayya, Inna, ai masu birgima a ƙurar dutse nake nema."

Ta tsallaka gidan Turai. Inno na jiyo dariya ta kan katanga, ana aski, ana ɗaukar hoto. Kafin la'asar duk wadda ta je rijiya ta ji cewa gashin muzurun Turai ya tafi jami'a. Kishi ya kama Inno. Ita da ta tsufa a harkar, a ce wannan ƙazamin ne zai shiga boko?

Da ta ji ɗalibar za ta dawo bayan kaka, sai ta fara naɗe 'Yar Gata a zane kowane hantsi, ta kai ta gindin dutse, ta shafe ta da ƙura. Da fari kyanwar kuka take, tana maƙale mata. Sannu a hankali ta daina. Daga baya ma ba sai an ɗauke ta ba, da kanta take tafiya, ta dawo tana bin muzurun. Ran nan ba ta dawo ba, ashe a ƙarƙashin rumbun Turai ta haihu.

Mutanen wurin kuwa ba sa jayayya a kan wannan: inda kyanwa ta haihu, nan ne gidanta. Inno da bakinta ta sha yanke wa wasu wannan hukunci.

Nana Hadiza ta dawo, ta ga farar kyanwa ta yi buɗu-buɗu, ta yanki gashinta cike da murna, ta tambayi mai ita.

"Ai nan ta haihu," in ji Turai, da ƙarfi, don katanga ta ji.

Inno ta daure har ɓeraye suka fara yi mata ɓarna a hatsi, ɗaki kuma ya yi mata shiru. Ta yafa gyale, ta yi sallama a gidan da ta daɗe ba ta taka ba, ta roƙi ɗaya daga cikin 'ya'yan.

Turai ta gyara zama, ta dube ta sama da ƙasa.

"To, Inno, mi za ki riƙa ba ta? Kuma ba dai dutse za ki kai mini ita ba?"