"Da Sauƙi" Ta Ci Mini Aiki

Shekarata biyu a Doha lokacin da abin ya faru. Ni nas ce 'yar kudancin Kaduna, ina aiki a ɗakin masu ciwo mai tsanani na wani asibiti, ina zaune a unguwar Fereej Abdel Aziz ɗaki ɗaya da wata babbar nas 'yar garinmu. Ita ta yi mini hanyar aikin, cocinmu ɗaya, Anti nake ce mata, kuma ko a mafarki ban taɓa musa mata ba.

Wani likita ɗan Turkiyya ya kawo takardar tambayoyi da ake amfani da ita a gane majinyacin da hankalinsa ya tashi, mai tsoro ko mai ganin abin da babu. An gwada ta a ƙasarsu, yana so ya ga ko za ta yi aiki a wasu harsuna. Anti ce ke riƙe da aikin, ni aka ba fassarar Hausa. Na yi ta da ɗoki, sai dai na buɗe da abin da kowane mai jin Hausa ke buɗewa da shi: yaya jiki? Kowa kuwa ya san amsar. Ko rai na hannun Allah "da sauƙi" za a ce, sauran tambayoyin kuma su bi sahu, don sun koma gaisuwa. Ba a jima ba na lura duk mutanenmu takarda na cewa ƙalau suke. Na gaya wa Anti a kicin tana yanka albasa, ta ce khalas, wato shi ke nan, za ta sanar da likita, kada in tsallake ta. Na bar maganar a hannunta, ban kai ta gaba ba.

Sai aka kwantar da wani direba mai jin Hausa ɗan zangon Kumasi. Na yi masa tambayoyin, ya ce da sauƙi, alhamdulillahi, alhali idonsa na kan ƙofa, hannunsa na damƙe da zanin gado. Na rubuta abin da bakinsa ya faɗa. Washegari da hantsi ya fizge robar da aka sa masa a jijiyar wuya, wai an zo kama shi a mai da shi gida. Da ƙyar aka tsai da jinin.

A zaman bincike Anti ta ce ban taɓa gaya mata komai ba, ita Hausarta ma ta kasuwa ce. Matar da ke jan waƙar Hausa a coci! Ba rubutu, ba shaida. Aka cire ni daga ɗakin masu ciwo mai tsanani, aka ƙi sabunta mini kwantiragi. Anti na kallona ina haɗa kaya, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ƙanwata, ki yi haƙuri, ni ma yara nake ciyarwa."

Har yau abin na ci mini rai, amma ban wanke kaina ba. Kunyar da ta sa direban ya ɓoye tsoronsa ita ta hana ni wuce babba. 'Yan'uwa masu aikin jinya, in kun ga kuskure ku rubuta, ku sa hannu, ku kai inda ya dace, ko da wanda ya ɗauko ku ne zai ji haushi. Ni na girmama ta da shiruna, wani bawan Allah ya kusa biya da ransa, ita kuwa tana nan kan aikinta.