Shekarar da gerona ya riga na kowa nuna

Ina aikin gwamnati a Gumel lokacin da na samo wani irin gero mai saurin nuna. Na kai shi gonarmu ta ƙauye, gefen Gagarawa, ban gaya wa kowa ba. A garinmu manoma kan jira ruwa ya zauna su yi shuka a rana ɗaya, ni kuwa gani nake wannan rashin wayo ne. Na binne irina tun kafin ruwan fari, ina hango kaina a kasuwar Maigatari da sabon gero tun yana tsada.

Gero ya yi kyau har mutane na tsayawa kallo, kaina ya kumbura. Yana fara ido sai ga tsuntsayen nan, jan baki. Duk faɗin karkarar babu zangarniyar da ta nuna sai tawa, don haka garken da ya saba watsuwa cikin gonakin gari ya taru a kaina ni kaɗai. Ni da matata muka yi ta buga gwangwani muna ihu. Mu kora gabas, su sauka yamma. A kwana na uku muryarta ta dishe. Na kamo wata zangarniya na ga rabinta babu tsaba. Abincinmu na shekara ke nan, albashina kuwa ba ya kai mu ƙarshen wata.

Bayan sallar azahar na tsaya a ƙofar masallaci don neman taimako. Wan mahaifina, wanda shi ke sa ranar shuka, ya ƙyale ni ina ta kame-kame.

"Baffa, tsuntsu zai gama da ni."

"Da za ka yi shuka, wa ka shawarta?"

Na sunkuyar da kai. Kunya kamar in nutse.

"To, ɗan boko, za mu zo," in ji shi. "Amma abin da ya tsira ba na kasuwa ba ne. Iri ne, za a raba wa kowa, baɗi mu shuka tare. Abinci kuwa ka ci daga rumbunanmu."

Na so in yi gardama, sai na jiyo ƙarar gwangwanin matata daga gona. Na ce na yarda.

Mutanen gari suka kewaye gonar suna korar tsuntsu, kowa da gefensa, har aka yi girbi. Aka sussuke, aka raba a gabana, ko tiya ɗaya ban kai Maigatari ba. Shekarar nan duka matata ke ɗaukar ƙwarya zuwa gidajen mutanen da na raina wa wayo, kuma ba a taɓa dawo mana da ita wayam ba.