Rigar nutson maigidana

Na daɗe ina tuƙa wa maigidana mota a Jurf, wata unguwa a Madina. Shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a ƙasar, ikamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take, kuma ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya ne nasa na kasa ganewa, wato nutso. Da ya samu hutu sai ya tara abokansa mu nufi Yanbu. Su hau kwalekwale, su goya tukunyar iska, su sauka ƙarƙashin teku kallon murjani da jiragen da suka nutse. Nawa in kai su, in nemi inuwa, in dawo da su.

Bara, ana saura wata biyu a sabunta mini ikama, ya kira ni majalisinsa bayan La'asar. Ya miƙo mini wayarsa in ga jirgin da za su je. Jirgi ne kwance a kan haƙarƙarinsa, wani abu mai yauƙi ya lulluɓe shi. Mai ɗaukar hoton ya kutsa har bandakin jirgin. Daga cikin ramin sai ga wani kifi dogo kamar maciji ya leƙo da baki buɗe.

"Dubi kyau, ya Hajj!" in ji maigida. "Wannan karon da kai za mu sauka. Ba zurfi, malamin nutso zai riƙe hannunka. Shekara da shekaru kana zaune a bakin ruwa. Kyautata ce gare ka."

Ya dafa ƙirjinsa. Ni da iyakar ruwan da na sani shi ne tafkin garinmu a Nijar, shi ma iya gwiwa. Amma mutumin da zai sa hannu a takardarka ya dafa ƙirji ya ce kyauta ce, me za ka ce?

"Allah ya saka da alheri, ya Ammi," na ce, don haka nake kiransa da Larabci, wato baffa.

Washegari ya ce in ɗauko tsohuwar jakarsa a ɗakin ajiya, kayan ciki ni zan sa. Ina zuge ta na ja da baya. An cusa rigar nutsonsa ta roba da danshinta tun tafiyar baya, zafin Madina ya dafa ta a ciki. Wari kamar an rufe mataccen kifi cikin tsohon takalmi. Robar da ake cizawa a ja iska kuwa duk shatin haƙoransa ne. Shi ko a jikinsa. Ya ɗauki tabarau na ruwa, ya tofa yawu a cikin gilashin, ya murza da yatsa.

"Haka ake yi don kar ya yi hazo. Gwada mu gani."

Na kanga shi a fuskata na ɗauke numfashi.

Ranar Juma'a na je unguwar Sih wurin wani abokina, Bahaushen Sudan mai gyaran famfo, wanda ya taɓa aiki a kwalekwalen masu nutso. Na ba shi labari. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Ya zol, mutumina, yawu ne ya dame ka? To rigar fa? Duk mai nutso a cikinta yake fitsari."

"Kai, ji tsoron Allah."

"Wallahi. Awa guda a ƙarƙashin teku, ina kake so ya je, bayan murjani? Wasu ma da gangan suke yi don su ji ɗumi. Mabruk, ango, an ba ka riga!"

Ban ƙarasa shayin ba. Ni mutum ne da butata ba ta rabuwa da bayan mota. Ko ɗigo nake zargin ya taɓa wandona sai na sake wani kafin in yi salla.

Na koma gida na ce to, tun da ba zan iya ƙi ba, zan tsarkake ta. Na tafasa ruwa, na zuba garin sabulu da bilic ɗin wanke bandaki, na jiƙa ta. Na cuɗa, na ɗauraye, na sake. Sannan na shanya ta a saman bene, inda rana ta fi duka, na bar ta kwana uku. Da na je ɗaukowa ta ƙandare kamar ƙirgi. Baƙinta ya koma toka-toka. Na lanƙwasa hannun, kafaɗar ta tsage.

Na kai masa gabana yana faɗuwa, amma ba zan ɓoye ba, can ƙasan zuciyata na ji sauƙi. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ce ruwan sanyi kawai ake ɗauraye ta da shi, a shanya a inuwa. Sannan ya jefar da ita gefe.

"Ma'alesh, ba komai, ta tsufa dama. In mun isa Yanbu sai mu karɓar maka ta haya."

"Ta haya, ya Ammi?"

"Ƙwarai. Suna da su rataye da yawa, kowa su yake sawa."

Waccan aƙalla ta mutum ɗaya ce, wanda na sani, nake cin abincin gidansa. Na tsaya ina kallon kafet. Na tuna ikama. Na tuna layin rigunan nan baƙaƙe da nake gani suna ɗiga a ƙofar shagon masu nutso, ban taɓa tambayar komai a kansu ba.

"Ya Ammi, ka gafarce ni. Ba zan iya sa ta ba. An gaya mini abin da ake yi a ciki."

Na ɗauka zai musa. Bai musa ba. Kunnuwansa suka yi ja.

"Teku ai tana wankewa," ya ce a hankali.

"Na sani. Raina ne ya ƙi."

"Yadda ka so."

Kwana biyu bai zauna gaba kusa da ni ba, baya yake shiga. Muka je Yanbu, suka sauka, na zauna a inuwata. Da suka fito suna ta labarin wani kunkuru da suka gani, bai juyo ya nuna mini hoton ba kamar yadda ya saba. Ikama kam ya sa hannu da lokacinta ya yi. Har yau bai sake yi mini tayin teku ba, jakar ma shi yake ɗaukar abarsa zuwa mota.