Akurkin da Na Saya wa Baba

Shekarar da na gama bautar ƙasa, kafin in hau bas zuwa ƙauyenmu a yankin Bagwai, na tsaya a Kano na sayi wani ɗan tanti na raga. Marar nauyi ne, irin wanda ake naɗewa ya koma kamar faifai, in an sake shi ya buɗe da kansa. Yana da zif a gefe, ƙasansa kuma leda ce mai kauri. Sai da na sa mai shagon ya buɗe shi ya naɗe, ya sake buɗewa, na ɗaga ragar a rana ina neman ɓula, har ya fara yi mini kallon in tafi wani shagon. Na Baba ne, shi ya sa na tsananta.

Baba manomin rani ne. Lambunsa yana bakin magudanar ruwan da ke fitowa daga dam. Da damina ta fara janyewa yakan kai injin ban-ruwa can, ya koma kwana kusa da shi, domin an sha ɗauke wa mutane inji. Lokacin ne kuwa sauro ya fi yawa. Shekarar da ta gabata zazzaɓi ya kayar da shi har ya daina gane mutane, aka kwantar da shi a asibiti. Ina nesa, ba a gaya mini ba sai da ya tashi. An ce likita ya ce ba lallai jikinsa ya sake ɗaukar irin wannan ba. Ban ji da kunnena ba, mai yiwuwa an ƙara wa maganar gishiri, amma ta zauna mini a rai.

Sai dai ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba ta mutu ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son in yi wani abu, sai ya dubi wanda ke kusa ya ce, "A gaya wa mutumin nan." In babu kowa, ya gaya wa bango. Ni ma ban taɓa zama na fuskance shi da magana ba. Iya, mahaifiyarsa, ita ta raine ni, ita ce kuma hanyar da saƙo ke bi tsakaninmu.

Na buɗe mata tantin a tsakar gida. Da ya yi tsalle ya miƙe sai da ta ja da baya.

"Kai, maigidana! Duk karatun nan, akurki ka sayo mana? Ina kajin?"

"Iya, na Baba ne. Ya riƙa kwana a ciki a lambu."

"Ubanka zan ce wa ya shiga akurki? To, zan faɗa. In ya fara ƙwai kai za ka kai kasuwa."

Ta kai masa. Ta dawo ta gaya mini cewa ya juya shi, ya ja zif ɗin, ya ce madalla. Na kwana da murna, ko da yake wani abu a raina yana cewa abin ya yi sauƙi da yawa.

Bayan 'yan kwanaki na tafi lambun da hantsi. Tun daga nesa na hango tantin a tsaye, na ji daɗi. Da na matso sai na ga an farke ledar ƙasan a hankali an naɗe ta gefe, an kifa tantin a kan bedin da Baba ke renon irin tumatir. Tabarmarsa tana inda take, a fili, kusa da tokar busasshen kashin shanu da ganyen darbejiya da yake turarawa. Hannuwansa duk tabon cizo. Yana tsugune yana gyara tiyo, bai ɗago ba, ya ce wa injin:

"Tun da aka kawo abin nan, fara ba ta taɓa ganye ɗaya ba. Allah Ya yi wa wanda ya kawo albarka."

Na ce amin a ciki. Me zan ce? Ba ɓata abin ya yi ba. A ganinsa ya ba shi aiki mafi muhimmanci, domin in fara ta cinye irin nan, noman shekarar ya tafi.

Na koma gida na yi ta tunani. Na ga ba zan karɓe tantin daga tumatir ba sai na ba tumatir wani abu. Na bi gidajen dangi ina roƙon tsofaffin gidajen sauro da suka yage, waɗanda ake ɗaure kaya da su. Ni da Iya muka wanke su, muka yanke inda ya ruɓe, muka haɗa sauran da zare da allura. Ɗinkina bai da kyau, ta sha warwarewa tana cewa matar da za ta aure ni ta shiga uku. Na lanƙwasa tsumagu a kan bedin, na rufa ragar, na danne gefe da ƙasa. Sannan na ɗinke ledar tantin yadda take, na kafa shi kusa da inji, na sa tabarmar Baba a ciki.

Da na dawo washegari, rediyonsa da buhun taki ne a ciki. Tabarmar ta koma waje.

Iya ce ta kawo mini dalili. Wai Baba ya ce in ya rufe kansa da zif, kafin ya lalubo bakinsa ɓarawo ya kai titi da inji. Ban raina maganar ba, ina jin akwai gaskiya a ciki. Na ɗaura wa zif ɗin igiya mai kauri yadda hannu zai same ta ko a duhu, na shafa masa kyandir don ya yi santsi, na juya ƙofar ta fuskanci inji. Na shiga na fita, na shiga na fita, ina gwadawa, mutanen lambun maƙwabta suna kallona suna dariya. Duk da haka bai shiga ba. Sabon dalilin shi ne zafi.

"Ka bar shi," in ji Iya. "Ba ya jin magana, tun yana yaro. Amma kai ba ka san shi ba. Kana jariri, ba ya iya ɗaukarka a gaban mutane. Sai ya bari kowa ya yi barci ya zo da mafici ya zauna yana kore maka sauro. Yana tsammani ban gani ba."

Ta faɗa ne don in huce, ina jin. Ni kuwa wani abu daban na ɗauka.

Da la'asar na naɗe tabarmata na tafi lambu. Ya kamata in faɗa cewa ni matsoracin zazzaɓi ne. Ko a makaranta ba na kwana sai na duba kowace kusurwa ta gidan saurona. Hanyar nan duka ina tambayar kaina ko wauta nake yi, ko rashin kunya ce ga mahaifi. A haka na isa lambun. Muka yi magariba da isha tare da sauran masu lambu, kowa ya watse. Na fitar da buhun taki daga tantin, na kakkaɓe shi, na bar ƙofar a buɗe, na shimfiɗa tabarmata a waje, ɗan nesa da ta Baba.

Sauron bakin ruwa ba ya jira. Na ji shi a kunne, a idon sawu, ta cikin riga. Hayaƙin darbejiya yana taimakawa kaɗan in iska ta kaɗo shi, in ta juya shi ke nan. Can Baba ya yi gyaran murya ya ce wa injin:

"Wasu dai sun yi karatu, ga ɗaki a buɗe suna kwana a waje."

Ni ma na dubi injin na ce, "Ɗakin ba nawa ba ne."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Shi kuwa bai shiga ba. Haka muka yi ta yi, kwana bayan kwana, tanti a tsakiya babu kowa a ciki. Fuskata ta kumbura. Iya ta ce kishiyoyinta na bakin ruwa sun fi ta sona. Kullum da safe ina taɓa goshina in ji ko ya yi zafi, kullum da yamma ina naɗe tabarma.

Wata asuba na farka na ji nauyi a jikina. Babbar rigarsa ce a lulluɓe da ni. Shi kuma yana zaune daga shi sai 'yar shara, da guntun kwali a hannu, barci ya kwashe shi a zaune. Da gani ya daɗe yana fifita. Wato na zo in kare shi, na ƙara tsiraita shi ga sauron, na kuma hana shi barci. Ranar na kusa haƙura. Na zauna bakin ruwa har rana ta ɗaga ina lissafin ko komawata gida ta fi masa alheri. Amma in na koma, zai ci gaba da kwana a fili har ƙarshen rani, kuma maganar likitan nan ba ta bar ni ba.

A makon ne aka yi dashe, aka kwashe irin tumatir daga bedi, ragar da muka ɗinka ta rasa aiki. Na wanke ta, na toshe ƙananan ɓulolin, na kafa kara huɗu masu ƙarfi, na ɗora wasu a sama na ɗaure da igiya, na rataya ta. Babu zif, ɗagawa kawai ake yi a fita, iska kuma tana ratsa ta ta ko'ina. Na yi ta ne don kaina, da nufin in ya ga na sami nawa wurin, ko ya karɓi tantin.

Bayan isha Baba ya zagaya ta, ya girgiza karan ya ji ƙarfinsu, ya ɗaga gefen ya saki. Sai ya ɗauko tabarmarsa ya tura ciki.

"In mai akurki ya shiga akurkinsa," ya ce wa injin, "ni ma sai in shiga nawa."

Na ce, "Babba ne ke fara shiga."

"Babba ya ce a shiga."

Na shiga, amma ban ja zif ba sai da na ga ya sunkuya ya shige, ya kuma tura gefen ragar ƙarƙashin tabarma yadda Iya ke yi. Da asuba na ga ƙafarsa ɗaya ta jingina da raga, sauro ya taru a wurin daga waje. Da rana na ƙara wa rumfar tsawo.

Haka na riƙa yi har aka tsinke tumatir na ƙarshe. Kullum da la'asar ina ɗaga ragar a rana ina neman ɓula, allura a bakina, domin tsohuwar raga ce, ba ta rasa sabuwar yagewa. Baba bai kwanta zazzaɓi ba a shekarar. Ba zan rantse cewa ragar ce ba, wataƙila da ma Allah bai nufa ba. Ranar da muka ɗauko inji za mu dawo gida, na kama kwance karan zan zubar, sai na ji ya ce wa jakin da muka ɗora wa kaya:

"A gaya wa mutumin nan ya naɗe ragar da kyau, kada ɓera ya same ta kafin baɗi."