Rassan Helmer a Kan Tabki

Helmer Granlund bai taɓa yin wata sana'a ba sai buɗe hanyar ƙanƙara. Duk hunturu, idan tabkin garinsu na arewacin Sweden ya daskare, shi ke fita da ƙarfen huda ya auna kauri, sannan ya kakkafa rassan itace daga wannan gaɓa zuwa waccan. Muddin rassan Helmer na tsaye, ko mai tsohon ciki sai ta ja mota ta haye ba fargaba.

Mutum ne mai taurin kai, ga rowar magana. Kalma ɗaya ce ba ya gajiya da ita, skikt, wato hawa a harshensu. Ƙanƙara hawa-hawa ce, in ji shi: baƙa mai ƙarfi a ƙasa, fara marar ƙwari a sama, wani sa'in kuma ruwa ya laɓe a tsakani. Wannan ruwan shi ke cin mutane, kuma hannu ne ke gane shi, idan ƙarfen ya zurma ba zato.

To, tsufa ba ya sallama. Yatsun Helmer suka fara mutuwa, har kofi ya ƙona shi bai ji ba. Matarsa Majvor ta ce ya ajiye aikin tun da sauran mutunci.

"Tsoho, hannun nan fa ya daina yi maka biyayya."

"Ya dai fi bakinki amfani," ya ce.

Wata Asabar, bayan dusar ƙanƙara ta zuba ba ƙaƙƙautawa, ya huda, kauri ya kai, ya kafa rassansa. Majvor ta kai masa kofi can, suka dawo tare. Tana zuba masa miyar kifi ta tambaya, ba da wata manufa ba, me ya sa yau garin ƙanƙarar da hudar ke fitarwa ya fito jiƙe sharkaf tun ƙarfen bai yi rabi ba.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba: ashe akwai ruwa a tsakani, hannunsa bai gane ba. Ran Asabar 'yarsu Gunvor ke hayowa daga tsallake da motar burodi.

Ya fita ko takalmi babu. Kafin ya kai gaɓa motar ta hau tabkin, ƙanƙara na wani irin gurnani daga ƙasa. Ya fizge reshen farko, ya ɗaga sama yana kaɗawa da iya ƙarfinsa.

Gunvor ta ɗauka gaisuwa ce. Ta danna wa babanta hon, ta ƙara wuta.