Kujerar Sista Asabe

Duk wanda ya yi aiki da Sista Asabe a ɗakin yara na asibitinmu a nan Gumel ya san kujerar nan. 'Yar guntuwa ce ta katako, irin ta gindin murhu, ƙafa ɗaya ma da waya aka ɗaure ta. Manyan nas-nas na yawo da jaka, ita kuwa da kujera a hammata. Dokokinta biyu ne: ba a faɗa wa uwa maganar ɗanta a tsaye, kuma ba a cewa "da sauƙi" in babu sauƙin. Ku ji fa! A ƙasar nan da ko mutum ba ya gane wanda ke kansa, in aka ce ya jiki, sai an ce da sauƙi.

Kun tuna sabon likitan nan mai ƙamshin turare? Ya tsaya a kan wata mata daga Gagarawa, hannu a aljihu, yana ta zuba Turanci, ƙafarsa ɗaya har ta kalli ƙofa. Sista ta lallaɓo ta tura masa kujera a bayan gwiwa, sai ga likita zaune daɓas.

"Sannu, Likita. Motar Kano ce za ta tafi ta bar ka?"

"Sista, ai na gama yi mata bayani."

"Madalla. Baiwar Allah, me ya ce miki?"

Matar ta ce, "Au, da ni yake? Na ɗauka karatu yake yi."

Sai kuma shekarar da aka turo mana masu bita, wai za su koya mana magana da iyayen yaron da ba zai warke ba, wanda sai dai a rage masa ciwo. Ga majigi, ga matakai an jera a allo gwanin sha'awa. Shugabansu ya ce wani ya fito a matsayin uwa a gwada. Wa zai tashi in ba Sista ba?

Bawan Allah ya gyara murya. "Hajiya, na fahimci yadda kike ji..."

Bai rufe baki ba ta kurma ihu, ta cakumi rigarsa. "Ka fahimta? Kai ka haife shi?" Ta zube ƙasa tana birgima, ɗankwali ya yi nasa wuri.

"Hajiya, gwaji ne fa! Gwaji ne!"

Ta miƙe ta kakkaɓe zani. "To, a mataki na nawa kuka rubuta wannan? Ka zauna, ka yi shiru, ka bari ta gama. Bita ta ƙare, a kawo shinkafa."

Na fi kowa dariya ranar, ban san layi na zuwa kaina ba. Akwai wata yarinya, Hafsatu, 'yar shekara shida, daga wani ƙauye a Sule Tankarkar. Ciwon daji ya gama cin jikinta, Kano ma sun sallamo ta. Ubanta ya tare ni a baranda ya ce, "Malama Rabi, ya kika ga jikin?" Ni kuma, gwanar jarumta, na ce da sauƙi, a sake gwada Kano. Mun iya wannan sosai: in magana ta yi mana nauyi sai mu ɗora ta a mota.

Ashe Sista na bayana.

"Ke Rabi, sannu da ƙoƙari. Yarinyar da ko juya ta aka yi sai ta yi ƙara, ita za ki jefa a bayan mota? Don ta cika a hanya, ke kuma ki huta?"

Ta dangwara min kujera a gaban mutumin. Wallahi na tsane ta a lokacin. Na zauna, na faɗa masa gaskiya. Na ɗauka bai ji ba. Na buɗe baki zan ƙara, Sista ta take min ƙafa.

Can ya ce, "Za ta sha wahala?"

Na ce akwai maganin da zai kwantar mata da ciwo, za mu koya wa mahaifiyarta yadda ake ba ta.

Ya ce, "To gida take so. Tun shekaranjiya take kiran kakarta."

A gida ta cika, a cinyar kakar, da lalle a hannunta. Bayan sadakar bakwai uban ya zo takanas ya yi mana godiya.

Da Sista ta kwanta ciwonta na ƙarshe, ni na karɓo sakamakon gwajin da aka yi mata. Na shiga na tsaya a kanta, ta ce, "Rabi, ya kika gani?" Shekara goma sha tana horar da ni, amma me ya fito daga bakina? "Da sauƙi, Sista."

Ta harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Kai, na yi asarar yawuna. Tana ƙarƙashin gado, jawo ta."

Na jawo, na zauna, na faɗa mata. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yauwa. Yanzu kuma yi shiru."

Allah Ya jiƙan Sista Asabe, Ya yalwata mata kabarinta. Yadda ba ta taɓa barin wata uwa ita kaɗai da mugun labari ba, ya Allah kada Ka bar ta ita kaɗai. Amin.