Shekarar da Motocin Gyaɗa Suka Fi Katangarmu Tsawo

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tafi ba, akwai wani fili a bayan gidanmu a cikin garin Haɗeja. Asalinsa kango ne. Masu gidan sun ƙare, ruwa ya cinye ginin, tumfafiya ta gaje wurin. Haka na tarar da shi da aka kawo ni gidan mijina. Awakin unguwa a nan suke yini, tsofaffi kuma suna shanya shinkafar da ake kawowa daga Auyo a kusa da wata tsamiya da ke tsakiya. Gidaje sun kewaye shi, sai ta gabas kaɗai inda hanya ta wuce.

A lokacin ne aka kawo wa mata ajin yaƙi da jahilci, kuma a tsakar gidanmu aka ajiye na unguwarmu. Ba don mun fi kowa ba ne. Surukata tana nan, tsohuwa ce da ake jin nauyinta, sannan katangarmu doguwa ce, ko mutum a kan raƙumi yake ba zai hango ciki ba. Saboda wannan katangar mazan unguwa suka yarda matansu su zo. Mijin ƙawata, wadda gidanmu ke jikin nasu, malami ne mai tsanani, kakanninsa daga wajen Chadi suka zo. Da kansa ya zagaya katangar nan yana ƙwanƙwasa ta da sanda kafin ya ce ya amince.

Bayan azahar ake taruwa. Malamarmu ta jingina babban allo a jikin rumbu, mu kuma mu baje a tabarma da ƙananan allunanmu da alli. Ƙawata ta fi mu kai nesa ba kusa ba. Abin da za a nuna sau ɗaya ta kama, ni sai na kwana ina juya shi. Takan leƙo allona ta ce baƙaƙena kamar sawun kaza a kan taɓo, mu yi ta dariya har Malama ta tsawatar.

Akwai wata al'ada da ya kamata in faɗa, don yaran yanzu ba su san ta ba. A garinmu namiji ba ya hawa sama haka kawai. In magini zai hau soro ya yi yaɓe kafin damina, sai an aika gidajen maƙwabta tun da safe. In ya dafa tsani kuma sai ya ɗaga murya ya ce, "Za a hau." Mata su ja mayafi ko su shige ɗaki har ya sauko. Ba abu ne mai wuya ba, don a shekara bai fi a yi shi sau ɗaya ko biyu ba.

Wata rana sai tsofaffin da ke shanya suka shigo da labarin wai ga wasu mutane can a fili da igiyar awo, suna kafa turaku, da wani Bature yana nuna musu da hannu. Ba a jima ba bulamanmu, wato mai unguwa, ya tara maza ya gaya musu hukuma za ta mai da filin tashar mota, inda za a riƙa loda gyaɗa da bandar kifin Guri ana kai wa jirgin ƙasa a Malam Madori. Maza da yawa ba su so ba, har da maigidana. Suka kawo maganar ƙara a lokacin salla, da ƙura, da baƙin fuskoki, da inda awaki za su koma. Aka ce musu an riga an yi zane. Rumfunan 'yan kasuwa za su jeru a bakin hanya, motoci kuma su tsaya a baya, wato ta wajen katangarmu. Amma an yi alkawarin za a bar tazara, mota ba za ta taɓa ginin kowa ba. Da wannan suka dawo gida hankalinsu a kwance.

Mu mata ba wanda ya tambaye mu. Kuma duk cikinsu, da masu awon da masu ƙin yarda, ƙasa suke kallo. Ba wanda ya ɗaga kai.

Aka sare tsamiya, aka zuba marmara, rumfuna suka tashi. Da kaka ta yi motoci suka fara shigowa. Ranar da abin ya faru ana zafi sosai. Duk mun yar da mayafai, yawancinmu daga mu sai ɗaurin ƙirji, wasu suna shayarwa. Ina ta fama da wani baƙi da ya ƙi zama daidai, sai muka ji murya daga sama.

"Malama, ni ma a koya mini mana."

Na ɗaga kai. Motar da ke bayan katanga an loda mata buhuna har sun wuce bodi, ga maza a zaune a ƙololuwa suna ɗaure igiya, ɗaya ma ya saki ƙafafu yana lilo da su. Duk tsakar gidanmu a tafin hannunsu take, har makewayi. Kafin ka ce me wuri ya hargitse. Aka tattake alluna, yara suka fashe da kuka. Ni kuwa maimakon in ɗauki mayafina da ke kusa da ƙafata, allona na kifa a ka na ruga ɗaki, kamar shi zai rufe ni. Ƙawata ta daɗe tana yi mini tsiya a kan wannan.

Surukata ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka da uwa ne a gida?"

Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, aiki nake. Ba ni na ajiye motar a nan ba."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Da maigida ya shigo na gaya masa a hankali, yadda na saba. Ya ce ai yaran mota ba su da kunya, zai yi wa sarkin tasha magana, kada mu mai da abin babba. Ban ga laifinsa sosai ba. Shi a zaure yake yini, fuskarsa na kallon titi, abincinsa ma can ake kai masa. Washegari da rana surukata ta sa na shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, ta aika masa cewa yau a gabanta take so ya ci. Ya shigo ya cire hula da riga, ya zauna. Ya kai loma ke nan aka ce daga sama, "Maigida, a ci lafiya. Miyar kuɓewa ce?"

Bai ƙara loma ba. Ya wanke hannu, ya mai da rigarsa, ya nufi gidan bulama.

Bulama ya ɗebi dattawan unguwa suka tafi ofis. Abin da suka roƙa ba wani babba ba ne. Ba su ce a tashi tashar ba. Cewa suka yi a musanya, rumfuna su dawo jikin katangunmu, motoci su koma bakin hanya inda babu gidan kowa. Aka ce musu ba zai yiwu ba, zane daga sama ya zo, an sa masa hannu, babu mai ikon taɓa shi. Amma wai hukuma tana girmama al'adar mutane, don haka za a umarci sarkin tasha duk wanda zai hau mota ya yi sanarwa, kamar yadda magina suke yi. Bulama ya dawo yana murna, a ganinsa ya samo mana magani.

Wannan maganin ya fi cutar. Abin da ake yi sau ɗaya a shekara ya koma tun hantsi har faɗuwar rana. Ina tuƙa tuwo, "Za a hau." In saki muciya in shige ɗaki, in fito ya kama. Ina yi wa yaro wanka, "Za a hau." In sungume shi da sabulu a ido. Ba a kuma cewa an sauko, sai dai ki leƙa ta bakin ƙofa kamar ɓarauniya a gidanki. Daga baya yaran motar suka mai da shi abin wasa, sai sun haye sun zauna sannan su rera shi kamar waƙa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, daga ranar laifin ya dawo kanmu. In an ga mace, to ita ce ba ta gudu da wuri ba, ai an yi sanarwa. Da kunnena na ji wani dattijo a zaurenmu yana faɗin haka, ina bayan ƙofa riƙe da butar da zan miƙa musu.

Maigida ya gwada abin da zai iya. Ya kira magini a ƙara wa katanga tsawo, magini ya ce ƙasar nan tamu ta bakin kogi tana shan ruwa, in aka ɗora mata nauyi damina ɗaya za ta kwanta a kanmu. Aka kakkafa zana a sama, iska ta yaye ta.

Aji kuwa ya fara zubewa. Mijin ƙawata ne ya fara janye matarsa. Ta gaya mini ta 'yar gajeriyar katangar da ke tsakaninmu, ta ce ya ce shi katanga ya ba wa amana, yanzu kuwa babu katanga.

Na ce, "Ba ki roƙe shi ba?"

Ta ce, "In ce masa me? Ya yi ƙarya ne?" Sai ta miƙo mini allonta. "Ajiye mini. In an gyara zan dawo in ci gaba da gyara miki sawun kajinki."

Sauran mazan suka bi sahu. Surukata ta ce a koma ɗakinta, aka koma. Ɗaki ne mai duhu, ga zafi, ba a ganin abin da ke kan allo sai an matsa bakin ƙofa, bakin ƙofar kuma ana hango shi daga kan mota. Muka rage 'yan kaɗan. Daga ƙarshe aka ce ajin ba shi da mutane, aka ɗauke Malama aka kai ta wajen Jahun. Ni ɗan abin da nake rubutawa yau na same shi ne kawai don a gidanmu ake yi, babu inda za a janye ni a kai ni. Wadda ta fi kowa rashin kai ita ta tsira da karatun.

Da wata kakar ta zagayo, sai aka ba wani attajirin gyaɗa wannan gefen na jikin katangarmu ya gina sito. Motoci sun tare masa wuri. A safiya ɗaya aka cire turaku, aka matsar da rumfuna, aka mai da motoci bakin hanya, daidai inda dattawanmu suka roƙa tun farko. Kafin azahar an gama.

Maigida ya shigo da fara'a ya ce, "An juya motocin."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce, "Malam, ina zanen da aka ce ba a taɓawa?"

Sai ya ce mu dai gode wa Allah. Na gode masa kuwa. Siton ya tashi ya tare mana hantsi da iskar gabas, shanya ta daina bushewa da wuri, amma na cire ɗankwalina a tsakar gidana na zauna na tsefe kaina, ba wanda ya tambaye ni miyar da na yi.

Na mayar wa ƙawata allonta. Mijinta bai hana ba, sai dai babu Malama, ba a kuma sake kawo wata ba. Na gwada koya mata ɗan abin da na sani, amma ni kaina a lokacin lalube nake, ga haihuwa ta zo mata a jere. Ta tsaya a inda aka tsayar da ita, tana iya rubuta farkon sunanta, ba ta iya ƙarasa shi. Bayan shekaru mun je asibiti tare, aka ce ta sa hannu. Ta dangwala yatsa a tawada, ta juyo ta dube ni tana dariya, ta ce, "Da ba don motocin gyaɗa ba, da ni ce zan riƙa karanta miki." Na yi dariyar ni ma, don kada ta ga idona. Allah ya ji ƙanta, ta riga ni tafiya.

An daɗe da fitar da tashar bayan gari. Siton ma ya rushe, shaguna ne a wurin yanzu. 'Ya'yana suna cewa ba na son ci gaba, saboda duk lokacin da na ga ana cusa bene a ɗan filin da ya rage tsakanin gidaje sai na yi magana. Ba ginin nake ƙi ba. Tasha ta ciyar da mutane, har da namu. Tambayata ɗaya ce, kuma har yau ban sami mai amsa ta da "e" ba: kafin a kafa turaku, akwai wanda ya yi sallama ya shiga gidan da ke jikin wurin, ya tsaya inda matar gidan take tsayawa, ya ɗaga kai?

Na yafe wa yaran motar tuntuni. Waɗanda suka ce ba ya yiwuwa, alhali aikin safiya ɗaya ne, su ne har yanzu in na tuna raina yake ɓaci. Kuma ko yau ina zaune a tsakar gida, in babbar mota ta tsaya a waje, sai in ji hannuna ya riga ni zuwa kaina yana laluben mayafi.